Waya tsakanin la'asar da tsakar dare: nazarin lamarin wani mai shan giya a Zinder

Wannan lamari misali ne na koyarwa, kan yadda ake bibiyar mai shan giya ta waya don kare shi daga kashe kansa. An gina shi kan abubuwan da ke maimaituwa a wurin masu shan giya da yawa waɗanda tunanin kashe kai ke kama su, babu suna kuma babu alamar da za ta nuna wani mutum.

Makanikin babura ne, shekararsa 38, mace ɗaya da 'ya'ya huɗu, gidansu ɗaya da wansa a wata unguwa ta Zinder. Wan ne ya kai shi asibitin unguwa bayan sallar asuba. Da dare ya shigo gida a buge, ya tashi matarsa ya ce ta yafe masa, daga gobe ba za ta ƙara wahala da shi ba. Da yammacin ranar kuma ya miƙa wa yaron garejinsa makullin akwatin kayan aiki, abin da bai taɓa yi ba. Matar ba ta tsaya jiran gari ya waye ba, ta buga wa wan ƙofa, su biyu suka kwana zaune a kansa.

Abin da awo ya nuna

Ba a yi wa mai maye cikakkiyar tambaya, domin amsarsa ba ta tsayawa, amma ba a barinsa shi kaɗai. Sai wajen hantsi ma'aikacin lafiya ya zauna da shi, ba wan ba matar. Ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, wannan an daɗe da tabbatarwa, kuma kewaye-kewaye irin su "ko akwai abin da ke damunka" amsarsu ɗaya ce a garin nan: babu komai, sai alheri.

Tunanin yana nan tun watanni, ya san abin da zai yi amfani da shi, kuma ya taɓa yin yunƙuri shekara biyu da suka wuce, iyali suka rufe maganar da sunan ciwon ciki. Niyyar aikatawa kuwa, in ji shi, ba ta zo masa sai ya sha. A awon shan giya na AUDIT na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambayoyi 10 da maki 40, ya samu 26. Daga 8 ake cewa shan ya zama haɗari, daga 20 kuma ana kyautata zaton jiki ya dogara da giyar. Kwalba huɗu manya yake sha a dare, wani lokaci da 'yar leda mai zafi a kai. Kwalbar santilita 65 mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da kusan giram 26 na tsantsar barasa, wato awo biyu da rabi (awo ɗaya giram 10 ne), don haka awo 10 yake sha kafin a lissafa leda. Da safe hannunsa na rawa har sai ya haɗiyi tramol kafin ya iya riƙe sufana. A awon baƙin ciki na PHQ-9 ya samu 17 cikin 27. Bashin jika 180 na kansa, yawancinsa na wani mai kabu-kabu da ya ba shi kuɗin kayan inji.

Da aka kira wan ciki, makanikin ya yi dariya ya ce, "Yaya, maganar giya ce kawai, ka san ba ni ba ne." Wan ya ji daɗin wannan magana, ya so a sallame su. Nan ne tarkon yake. Mutumin safe gaskiya yake faɗa, ba ya son mutuwa, amma ba shi ne zai yanke hukunci da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba. Borges da abokan aikinsa sun tattara bincike-bincike a 2017 suka samu cewa cikin sa'o'in da ke bayan shan giya haɗarin yunƙurin kashe kai na ninkawa kusan sau 7, in an sha da yawa kuma ya kai sau 37. Giya na kwance birkin da ke hana mutum aikata abin da ya zo masa, tana kuma ƙuntata tunani har bashin jika 180 ya zama kamar ba shi da mafita. Duk tsarin da aka yi masa daga baya an yi shi ne don waɗannan sa'o'i.

An ba shi shawarar a kwantar da shi a Babban Asibitin Zinder a raba jikinsa da giyar a ƙarƙashin kulawa. Ya ƙi, ya ce in aka gan shi a sashen masu taɓin hankali babu mai sake kawo masa babur. An gargaɗe shi a gaban wan da kada ya yanke shan dare ɗaya, ya riƙa ragewa a hankali. Kafin su tafi an yi abin da ya fi kowace waya muhimmanci: wan ya amince ya kwashe maganin ƙwarin gona da ke ɗakin ajiya ya kai wani gida ya kulle, ya tattara duk ƙwayoyin maganin da ke gidan su koma hannunsa. Kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari ne, kuma tunanin yakan zo ya wuce cikin ɗan lokaci in abin aikatawa ba ya kusa.

Me ya sa ba a saka masa manhaja ba

Wayarsa ƙarama ce mai maɓallai. Ta matar ce ke da WhatsApp, ita ma ba kullum take da kuɗin intanet ba. Ya bar lakwal a aji uku, yana gane lambobi da sunaye, amma ba zai karanta dogon saƙo ba, balle a buge. Ko da yana da babbar waya, manhajojin kariya daga kashe kai da ke kasuwa ba abin dogaro ba ne. Martinengo da abokan aikinta sun duba guda 69 a 2019, biyar kawai suka cika matakan kariya shida da masana ke buƙata, shida kuma lambar agajin da suka bayar ma ba daidai ba ce. Wani binciken na Baumel a shekarar ya nuna bayan kwana 30 kusan mutum uku cikin ɗari ne ke ci gaba da buɗe irin waɗannan manhajoji. Akwai waɗanda suka yi aiki, kamar A-CHESS ta masu barin giya a Amurka, wadda a gwajin 2014 kan mutum 349 ta rage kwanakin shan da ya wuce kima, amma waɗancan mutane sun fito ne daga cibiyar magani, an ba su wayar, kuma akwai masu ba da shawara a bayanta. Abin da za a ɗauka daga wurinsu shi ne mutumin da ke bayan wayar. Shi kuwa ana iya samar da shi da ƙaramar waya.

Tsarin tsira a cikin muryarsa

An bi tsarin Stanley da Brown na 2012 mai matakai shida: alamun da ke nuna abin na tasowa, abin da mutum zai yi shi kaɗai, wurare da mutanen da ke ɗauke masa hankali, waɗanda zai gaya wa gaskiya, ma'aikatan da zai kira, sai nisantar da abin cutarwa. A binciken 2018 a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wannan tsari haɗe da kiran waya na bibiya ya rage halayen kashe kai da kashi 45 cikin ɗari a wata shida. A can takarda ake rubutawa. A nan takarda ba ta da amfani, kuma in yaran gida suka tsince ta asiri ya tonu. Saboda haka aka ɗauki muryarsa a wayar, minti biyu, shi da kansa yana faɗin matakan da kalmominsa.

Alamunsa uku ne: kiran mai bashi, zama shi kaɗai a gareji bayan magariba, da wata jimla da ke yawo masa a ka, "gara ba ni." Abin da zai yi shi kaɗai shi ne ya kulle garejin ya fita, ya yi alwala ko da ba zai yi salla ba, ya taka da ƙafa zuwa fadar da ake shan shayi a bakin layinsu. An zaɓi wannan fada da gangan, domin a can ba a sha. Abokan shansa ba sa cikin tsarin ko da su ne suka fi kusa da shi. An saka lambobin gaggawa a maɓallai: 2 wansa, 3 wayar aikin asibiti, 4 wani abokinsa tela, sannan 18 ta 'yan kwana-kwana. An sa shi ya danna kowace a gaban ma'aikacin har wayar ta yi ƙara, don yatsa ya saba.

Kuɗin waya kan ƙare, kuma mai maye ba ya fita neman kati. Sai aka yi yarjejeniyar bip, wato a kira a katse kafin a ɗauka. Bip ɗaya na nufin a kira ni in an samu hali. Bip biyu a jere na nufin yanzu, kuma mai riƙe da wayar aiki zai kira cikin minti 10 ko da tsakar dare ne. Wannan alkawari ne mai nauyi, kada a ɗauke shi in ba za a cika ba. Wanda ya yi bip biyu ba a kira shi ba ya koyi cewa babu kowa, kuma gara da ba a ba shi lambar ba tun farko.

Jadawalin kira an aro shi daga gwajin SUPRE-MISS na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka wallafa a 2008 kan mutum 1,867 da suka yi yunƙurin kashe kansu a Brazil, Indiya, Siri Lanka, Iran da Sin. Can an tuntuɓi mutane sau tara: mako na 1, 2, 4, 7 da 11, sai wata na 4, 6, 12 da 18. Cikin waɗanda aka bibiya kashi 0.2 cikin ɗari suka mutu ta hanyar kashe kai, cikin sauran kuwa kashi 2.2. Saboda giyar, aka ƙara masa kira kullum a kwana ukun farko da kira biyu a mako har wata guda. Tsakanin kiraye-kirayen akwai gajeren saƙo, wanda asalinsa wasiƙun Jerome Motto ne na San Francisco, da ya riƙa aika wa waɗanda suka ƙi magani gaisuwa ba tare da neman komai daga gare su ba. Na makanikin ya ce: "Malam, barka da yamma. Muna gaishe ka. In kana son magana ka yi bip." Babu kalmar giya, babu sunan asibiti, babu wa'azi, domin yaron gareji ne ke karanta masa saƙo wani lokaci. Wani ƙaramin abu da masu tsara saƙon Hausa ke mantawa: saƙo ɗaya na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, ya rabu biyu, a wasu ƙananan wayoyi kuma haruffan su fito kamar akwatuna. A zaɓi kalmomin da ba su da lanƙwasa.

Inda tsarin ya karye

Mako biyun farko ana kiransa da ƙarfe tara na safe, lokacin da ya dace da ma'aikata. Kullum amsa ɗaya, lafiya lau, an gode. Rajista ta cika da alamun nasara. Matar ce ta kira daga wayarta ta ce, "Likita, da safe kuke kiransa, ai da safe ba shi da komai. Ku kira shi in rana ta yi sanyi." Tana da gaskiya. An mayar da kiran ƙarfe biyar da rabi na yamma, lokacin da kuɗin aikin ranar ke aljihunsa, bai riga ya yanke inda zai nufa ba. A wannan sa'a ana iya tambayarsa abubuwa huɗu cikin minti biyar: nawa ya sha jiya, ko tunanin ya zo kuma da ƙarfi nawa daga sifiri zuwa goma, ina zai je bayan magariba, da wa zai kasance. Tambaya ta uku ce ta fi aiki, domin da ya faɗa da bakinsa cewa fada zai je, sau da yawa can ɗin yake zuwa.

A mako na uku wayar ta mutu kwana uku. Lokacin zafi ne, wuta na yawan ɗaukewa, sai aka ɗauka caji ne ya ƙare. Ashe ya bar ta jingina a wurin mai sayar da giya. Ga mai sha, wayar da aka ɗora kariyarsa a kanta ita ce kadarar da ta fi saurin zama kwalba. Ƙa'idar shiru tana rubuce tun farko: kira biyu ba amsa, a kira wan, in ba a samu labari ba ma'aikacin unguwa ya je gidan cikin awa 24. Ba a bi ta ba saboda an samu bayani mai sauƙi an kwanta a kai. Daga nan aka cire wa ma'aikaci damar yin zato, shiru shiru ne ko mene ne dalilinsa. Wan ya fanshi wayar, aka kuma kwafi muryar tsarin da lambobin a wayar matar.

Daren bip biyu ya zo a mako na biyar, wajen sha ɗaya da rabi. Mai bashi ya zo gareji da rana ya yi masa tijara a gaban yara.

"Malam, na ga bip ɗinka. Kana ina yanzu?"

"Ina gareji, Likita. Na gaji wallahi."

"Kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai."

"Ka sha?"

"Na sha."

"Tunanin kashe kanka ya zo maka yanzu?"

Ya yi shiru, sannan ya ce e.

"To, ka yi daidai da ka kira. Ba zan kashe wayar nan ba. Akwai wani abu kusa da kai da kake tunanin amfani da shi? Tashi ka fito waje, ka bar ƙofar a buɗe, ka zauna kan bencin nan. Ka gaya mini in ka zauna."

Yayin da ma'aikacin ke magana da shi, ya kira wan da wayarsa ta kansa, shi ya sa mai riƙe da wayar dare ke buƙatar waya biyu: "Malam, ku yi haƙuri da dare, ƙaninku yana gareji, ku je yanzu, kada ku yi masa faɗa, ku dai kawo shi gida ku kwana tare." Minti 14 wan ya ɗauka. Duk tsawon lokacin ma'aikacin bai yi gardama da shi kan bashin ba, bai ambaci zunubi ba, bai nemi ya rantse cewa ba zai yi ba. Mai maye ba ya riƙe doguwar magana, jimla gajera da umarni ɗaya a lokaci guda ne ke shiga. Maganar hukuncin addini kuwa ya san ta fiye da mai gaya masa, kuma tunatar da shi a wannan sa'a ƙarin kunya ce a kan wadda ta kai shi nan. Rantsuwa ko alkawarin "ba zan yi ba" hankalin ma'aikaci kawai take kwantarwa, babu hujjar cewa tana hana komai. Da a ce ya riga ya haɗiyi wani abu, ko maganarsa ta fara yankewa, da hira ta ƙare: a kira 18 ko a ɗauke shi a duk abin hawan da ke kusa zuwa asibiti, a kwantar da shi kan gefensa, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja, a tafi da mazubin abin da ya sha.

Washegari aka gan shi ido da ido. Wan da liman na unguwa suka zauna da mai kabu-kabun aka tsara biyan bashin jika 15 duk wata. Wannan ba aikin waya ba ne, amma daga ranar makin da yake bayarwa da yamma ya sauko daga bakwai da takwas zuwa uku.

Azumi

Da watan Ramadan ya kama ya yanke shan gaba ɗaya a daren farko, bai gaya wa kowa ba. Niyya ce mai kyau da ke iya kashe mutum. Jikin da ya saba da awo 10 kullum yakan fara rawa, gumi da tashin zuciya tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kwalbar ƙarshe, farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko, ruɗewa mai tsanani da gane-gane kuma daga kwana na biyu zuwa na huɗu. Tramol na ƙara sauƙaƙa farfaɗiyar, ƙishirwa da saukar sukari na azumi su ƙara dagula lissafi. Wannan rana a kalanda take, ya kamata a yi maganarta da duk mai maki 20 zuwa sama tun cikin Sha'aban.

Kiran yammacin rana ta biyu ne ya gano shi. Muryarsa na rawa, ya ce zazzaɓi ne. Aka nemi matar, aka yi mata tambayoyi biyar: yaushe ya sha na ƙarshe, ko hannunsa na rawa in ya miƙe su, ko yana amai, ko ya san ranar da inda yake, ko yana ganin abin da babu. Ta ce tun azahar yake kaɗe ƙwari daga tabarma, ita kuwa ba ta ga ko ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa. Ba a rubuta diazepam, maganin da ke kwantar da rawar jiki da hana farfaɗiya, ta waya, ba a kuma damƙa shi a hannun mai tunanin kashe kai da ke iya haɗa shi da giya. An kai shi Babban Asibitin a daren, aka auna sukari, aka duba maleriya tunda alamun na kama da juna, aka ba shi diazepam ana rage shi kullum, da thiamine, wato bitamin B1, don kare ƙwaƙwalwa. Kwana biyar ya yi. Ya ci gaba da thiamine miligiram 100 a rana bayan sallama.

Makonnin da ke bin sallama daga asibiti suna cikin mafi haɗari, don haka jadawalin kira ya koma farko. Bayan mako huɗu ba sha aka sake awon PHQ-9, ya sauko 9, ba a fara masa maganin baƙin ciki ba. Giya da kanta na haifar da baƙin ciki mai gushewa in an daina, shi ya sa ba a gaggawa. Da makin ya tsaya sama, fluoxetine za a zaɓa maimakon amitriptyline mai haɗari in an sha da yawa, a ba da na mako guda-guda a hannun matar, kuma sai an raba shi da tramol tukuna domin su biyun ba sa haɗuwa lafiya.

Kwana huɗu bayan ƙaramar salla ya sha kwalba biyu. Shi da kansa ya yi bip ɗaya da safe ya faɗa. Ba a ɗauke shi a matsayin rushewar aiki ba, an tambaye shi abin da ya faru kafin kwalbar farko, aka samu tsofaffin abokai ne suka zo yawon salla, aka ƙara wannan cikin alamun da ke muryar da aka ɗauka. A wata na huɗu makinsa na AUDIT-C, gajeren awon mai maki 12, ya sauko daga 11 zuwa 5, tunanin na zuwa jefi-jefi ba tare da niyya ba, maganin ƙwarin kuma na nan a kulle ko da damina ta kusa, wan ne zai yi feshin da kansa.

Wayar dare ma'aikata biyu ke karɓa-karɓa mako-mako, da kuɗin kira da aka ware mata daban da na ofis, da ƙaramin batirin caji. Rajistar ba ta ɗauke da suna, lamba ce kawai, da ranar kira, sa'a, awon da ya sha, makin tunanin, da wanda aka kira in bai amsa ba. Saura kira uku a jadawalinsa, wata na 6, na 12 da na 18. Bip biyu, ko shiru na awa 24, ko komawa shan kullum, kowanne a cikinsu na mayar da shi mako na farko.